Kine, Ba Kinin Ba

A shekarar 1991 Hindatu ta dawo Gure daga Yamai, bayan shekara huɗu a makarantar da ake horar da malaman motsa jiki. Ni Saratu ina shekarata ta biyu a garin. Ungozoma ce ni, ƴar Madawa, aiki ya kawo ni asibitin Gure, kuma a gidan kakarta aka ba ni ɗaki, tsohuwar da duk unguwa ke kira Ya Kaka. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba, a tsakar gida ɗaya muka zauna.

Ranar da ta iso gidan ya cika da ƴan barka. Kawunta Yusufu, babban ɗan Ya Kaka, mai fataucin kanwa, ya karɓi takardar shaidar karatun, ya juya ta gaba da baya, ya ce a gaya masa abin da aka koyo. Hindatu ta gyara zama ta fara bayani: yadda ƙashi da tsoka da jijiya suke haɗa kai kafin mutum ya ɗaga ƙafa, yadda numfashi ke canzawa in ana gudu, da sunayen tsokoki fiye da ɗari da ta haddace. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "To, a taƙaice dai tsalle." Daga ranar sunanta ya koma Madam Tsalle. Ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka yi dariya. Ni da nake yini tsaye a kan mata masu naƙuda, ban ga abin da za a kira karatu ba a sa yara su zagaya fili da gudu.

Ita kuwa ko a jikinta. Aka ba ta aiki a kwalej ɗin garin, inda filin wasan rairayi ne zalla, mai cinye ƙafa har idon sawu. Da toka take ja layukan tsere, kullum iska ta shafe, kullum ta sake ja. Iyayen ƴan mata suka riƙa aiko da saƙon cewa ƴaƴansu ba su da lafiya duk ranar da ake da darasinta, sai ta ɗauki takalminta ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tana duba marasa lafiyar, tana tarar da su a bakin turmi. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma in ta sa abu a gaba gara ka matsa mata.

Ya Kaka ce ta raine ta tun tana shekara uku, da mahaifiyarta ta rasu. Kuma akwai labarin da tsohuwar take ba kowane baƙo, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Hindatu bahaguwa aka haife ta. Ya Kaka ta ce ba a gidanta ba za a kai hagu baki, hannun da ake tsarki da shi. Ta gwada faɗa, ta gwada bugun ludayi, duk a banza. Sai ta ɗauko wani ɗankwalinta ja mai ɗigon fari, duk lokacin cin abinci ta ɗaure hannun hagun yarinyar a ƙugunta, ta ajiye mata tuwo a gaba, ta zauna tana kallo. Yarinya ta yi kuka, tuwo ya zube a ƙirji, miya ta shiga hanci, tsohuwa ba ta kwance ba. Shekara guda cur aka yi haka kafin dama ta koyi hanyar baki. Ɗankwalin yana nan a ƙasan akwatinta, ta ce ta adana shi ne ko da za a sake haifo mata wani bahagon. In ana ba da labarin Hindatu murmushi kawai take yi, amma na lura har yau da hagu take jefa ƙwallo.

Da ta yi shekara uku tana koyarwa sai ta fara duban gaba. Takardarta tana buɗe ƙofa uku, kuma kowa da ƙofar da yake tura ta. Shugaban kwalej, Mushe Nasiru, wato malam a bakin ƴan boko, ya ce ta zauna jarrabawar zama sufeton makarantu, ta ƙaro shekara biyu, ta dawo da ofis da mota, ta huta da rana. Ni na ce ta bar wasan yara ta shiga makarantar ma'aikatan lafiya ta Damagaram ta koyi jinya, ga kusa da gida, ga aiki ba ya yankewa. Ta ce sai dai za a mai da ita aji ɗaya da yaran da ta koyar. Ta uku ita ce ta ambata da kanta, wani aiki wai shi kine, gyaran gaɓoɓi da motsa jiki bayan ciwo ko karaya. Wata uku kacal aka ɗanɗana musu shi a shekara ta uku, abin da ta rubuta bai wuce shafi goma sha ɗaya ba a wani littafi mai shuɗin bango. A saninmu ba makarantarsa a ƙasar, sai an ƙetare iyaka, kuma in an dawo ba wanda ya san inda za a ajiye mutum. Ta auna, ta zaɓi ta Mushe Nasiru. A watan Afrilun 1994 ta tafi Yamai kai takardu da kwas na wata guda.

Kwananta shida da tafiya Ya Kaka ta faɗi. Da hantsi ne, tana zaune tana ware dabino a faifai, sai kawai muka ga ta karkace, baki ya juya, hannun dama ya saki. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Yusufu ya kai ta Damagaram, suka yi kwana goma sha biyu. Maganarta ta dawo, ko da yake da nauyi, ƙafar ma tana ɗan ja, amma hannun yana rataye kamar ba nata ba.

Da suka dawo na tambayi Yusufu me likita ya ce. Ya nuna mini maganin hawan jini, na duba na ga daidai ne. Sannan ya ciro wani ƙulli daga aljihu ya ce, "Lokotoro ya ce na hannun kuma sai kinin, guda ashirin. Na saya a tasha." Abin ya ɗan ɗaure mini kai, don kinin maganin zazzaɓin sauro ne, amma na ce a raina wataƙila sun ga zazzaɓi a jininta. Ina sauri, ana jirana a ɗakin haihuwa. Ban ce ya ba ni takardar in gani ba. Shekara talatin ke nan, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ni da nake yi wa mutane tsawa don ba su kawo takarda ba, ni ce na kasa tambayar takarda a gidan da nake kwana.

Tsohuwa ta sha kinin safe da yamma kwana goma. Kunnuwanta suka riƙa ƙara, abinci ya fita ranta, hannu kuwa bai san ana yi ba. Ga wata matsalar da ta fi kinin: ta ƙi cin abinci da hagu. Aka kawo limamin unguwa ya gaya mata cewa lalura ce, Allah bai ɗora mata laifi ba. Ta ce ta ji, ta gode, amma ita da ta ɗaure hannun marainiya shekara guda a kan wannan, da wane ido za ta kai hagu baki? A ba ta a baki kuma ta ce ita ba jaririya ba ce. Abin da ta yarda da shi kawai kunu, matar Yusufu ta riƙa mata kofi, ta kurɓi uku ko huɗu fuskarta na duban bango. Mace mai jiki, cikin wata guda zanenta ya fara zagaya ta sau biyu.

Saƙo bai sami Hindatu da wuri ba. Da ta iso ta durƙusa gaban kakarta ta daɗe tana taɓa hannun, tana lanƙwasa yatsun ɗaya ɗaya. Sannan ta tambayi abin da ni ban tambaya ba. Yusufu ya cire hularsa, ya zaro wata ƴar takarda da ya ninke a ciki, duk ta sha gumi. Ta karanta, ta sake karantawa, ta miƙo mini. Kalma biyu ce da lamba, da Faransanci: kine, zama ashirin.

Ta ce, "Kawu, ba kinin aka ce ba. Kine aka ce. Ba haɗiya ake ba, yi ake."

Yusufu ya ce shi dai abin da kunnensa ya ji ke nan, kuma tun da aka haife shi bai taɓa jin wani magani mai kama da wannan suna ba sai kinin. Gaskiyarsa ce. Duk Gure ba wanda zai ji kine bai kai hannu aljihu ya nufi mai magani ba. Ya tambaya a ina ake samun mai yin wannan kine ɗin. Ba kowa a Gure, ba kowa a Kelle ko Gidigir, kuma tsohuwa ta rantse ba za ta sake shiga mota ba. Hindatu ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwati, ta fito da littafin nan mai shuɗin bango.

Washegari ta fara. Da safe kafin ta tafi kwalej, da kuma bayan la'asar, takan shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron tsakar gida, ta shafa wa hannun man gyaɗa, ta motsa kowace gaɓa sau ashirin, daga yatsu zuwa kafaɗa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna cewa Madam Tsalle za ta sa tsohuwa tsalle. Ya Kaka kuwa zagi take da Barbarci, wanda ba na ji, amma daga yadda matar Yusufu ke rufe baki na san ba addu'a ba ce.

A mako na uku Hindatu ta yi kuskure. Ta ɗaga hannun sama da ƙarfi irin yadda take miƙe ƴan tsere, tsohuwa ta yi ƙara, kafaɗa ta kumbura. Mako biyu ba a taɓa hannun ba. Ranar da abin ya faru na same ta a bayan ɗaki tana kuka, karo na farko da na ga hawayenta. Na ce to ga abin da nake faɗa, da jinya ta koya da ba haka ba. Ta share fuska ta ce ni ma da na koyi aikin asibiti ai kinin na bari aka sha. Ta same ni. Can ta ce abin da ta sani duk ilimin jikin mai lafiya ne, jikin da ciwo ya taɓa wani abu ne dabam, kuma shafi goma sha ɗaya ba za su ishe ta ba.

Ta yi tambaya har aka kwatanta mata wani dattijo a Damagaram, Malam Aisami, wanda ke ƙera takalman ƙarfe na yaran da shan inna ta taɓa, ya kuma yi shekaru yana aiki tare da masu kine. Duk Asabar ta riƙa shiga motar farko, ta yini a wurinsa tana kallo tana rubutu, ta dawo Lahadi. Shi ya nuna mata yadda ake tallafe kafaɗa kafin a ɗaga hannun da ya shanye. Shi ne kuma ya gaya mata akwai makaranta a Lome, shekara uku, ana ba ƴan ƙasarmu gurbi ɗaya ko biyu in an dace. Ya ce shi ƙarfe ya iya, in tana son ta iya mutum sai ta je can.

Ranar jarrabawar sufeto ta zo ta wuce, Hindatu tana gindin dogon yaro. Mushe Nasiru ya zo gidan da kansa, ransa a ɓace. Ya ce ya sa hannu a takardunta, ya yabe ta a rubuce, ta watsa masa ƙasa a ido saboda tausa. Ya ce in ta tafi wannan kine ɗin, ta dawo ta zauna a ina, tunda ko a asibitin garin ba ɗakin da aka rubuta wa wannan suna. Ta ba shi haƙuri har ƙasa, ta ce in ta dawo za a rubuta.

Da kaka ta yi, yatsun suka fara motsi. Na farko babban yatsa, kaɗan, sai ka ƙura ido. Sannan hannun ya fara damƙa. Hindatu ta ajiye faifai biyu, ta zuba dabino a ɗaya, ta ce a mayar da shi ɗayan, ƙwaya ƙwaya. A nan aka tsaya cik. Da ta juya baya, hagu ta yi wuf ta kwashe. Hagu ke jan carbi, hagu ke fifita, hagu ke gyara zane, hagu ke korar kaji. Dama tana kwance a cinya tana hutawa, ta sami mai yi mata aiki. Wata biyu ba ci gaba, tsohuwa kuwa tana ta ƙara zubewa a kan kunun nan.

Wata Laraba da yamma ina tankaɗe a ƙofar ɗakina, na ga Hindatu ta tsaya tana kallon hannun hagun kakarta yana aikinsa. Ta daɗe a tsaye. Sai ta shiga ɗakin tsohuwar, ta fito da ɗankwali ja mai ɗigon fari, duk ya koɗe. Ta durƙusa, ta kama hannun hagun a hankali, ta kai shi ƙugu, ta zagaya ɗankwalin ta ƙulle. Ta turo faifan dabino gaba, ta koma gefe ta zauna.

Ya Kaka ta dubi ƙullin, ta dubi jikarta. Ta ce, "Ke, wa ya koya miki wannan mugunta? A Yamai?"

Hindatu ta ce, "A gidan nan, Ya Kaka. A kan tabarmar nan."

Na saki rariya na shige ɗaki, don dariya da kuka ne suka taso mini lokaci ɗaya, kuma ban san wanda zai riga fita ba. Yusufu da ya shigo ya ga uwarsa a ɗaure ya tayar da hankali, ya ce wannan rashin kunya ce, a kwance ta yanzu. Tsohuwar ce da kanta ta ce ya fita ya ba mutane wuri, ita ta san wannan aikin tun kafin ya yi gemu. Ranar dabino huɗu ta mayar, cikin sa'a guda, gumi na zuba. Bayan mako guda goma sha biyu. Daga dabino aka koma gyaɗa, daga gyaɗa aka koma wake. Kullum sa'a biyu da safe, sa'a biyu da yamma, hagu a ɗaure.

Amma ɗaukar dabino dabam, kai loma baki dabam. Hannun yakan taso har ƙirji, ya yi rawa, ya faɗi. Kuma tsohuwa ta ce ba za ta gwada da tuwo ba, ba za ta zubar da miya a ƙirji jikoki na kallo ba. Hindatu ta rataya igiya a reshen dogon yaro tana jan gwiwar hannun da ita, ta ɗora mata hannu a kan turmin da aka kifa don ya rage nisa. Ana samun ƙari, amma kamar na tsiron dabino.

A cikin haka ta haɗa takardun Lome ta aika a farkon 1995. Bayan wata biyu suka dawo mata ba a ko buɗe ba, da ƴar wasiƙa cewa ita malamar makaranta ce, gurbin kuwa na ma'aikatan lafiya ne. Wani zai ce Allah bai yi ba. Ita ta jira hutu, ta yi kwana biyu a mota zuwa Yamai, ta sami ofishin da aka maido takardun, ta zauna a benci. Aka ce mai sa hannu ya fita, ta ce za ta jira. Aka ce sai gobe, ta dawo gobe. Kwana tara ta yi a bencin nan, har masu gadi suka fara ajiye mata wuri. A rana ta tara mutumin ya gaji da ganinta ya kira ta ciki. Ta ajiye masa takardar darussan da ta yi shekara huɗu, da littafin da take rubuta ci gaban hannun Ya Kaka kullum, da ƴar takardar nan da ta sha gumi a hular Yusufu. Ta ba shi labarin kinin ashirin. Ta ce mini da farko dariya ya yi har da buga tebur, daga baya ya tambaye ta kilomita nawa ne daga Gure zuwa mai kine mafi kusa. Ya karɓi takardun.

Amsa ta zo a watan Agusta, ana tsakiyar damina. An ba ta gurbin, ana son ta a Lome farkon Oktoba. Na yi guɗa, Yusufu ya ce ashe tsalle ma yana kai mutum bakin teku. Hindatu ta ninke wasiƙar ta sa a littafi. Bayan kwana biyu, muna wanki, ta gaya mini ba za ta je ba. Ta ce hannun bai kai baki ba, in ta tafi ba mai ɗaure hagu, matar Yusufu tausayi gare ta, Yusufu kuma tsoron uwarsa yake, cikin wata uku za a koma gidan jiya, tsohuwa ta ƙare a kan kunu. Za ta rubuta ta nemi a ɗaga mata zuwa baɗi. Na ce ta san sarai gurbin nan ba ya jiran kowa, kwana tara ta yi a benci kafin ta same shi. Na yi faɗa sosai, har na ce ni zan riƙa ɗaurewa. Ta ce ni da ake kira ɗakin haihuwa ko ina tsakiyar sallah, yaushe zan samu zama. Mun manta cewa kunnen Ya Kaka ya daɗe da warkewa daga kinin, kuma tagarta a buɗe take.

Tsohuwar ba ta nuna ta ji ba. Sai dai daga ranar, in an kwance hagu da yamma, takan ce a mayar, kuma a tura mata ƙofa. Matar Yusufu ta riƙa fitowa da zane a jiƙe tana wankewa a ɓoye, in na tambaya ta ce kunu ne ya zube. Ni kuwa na san launin miyar kuka.

Ranar Juma'a ta ƙarshen Satumba, ranar da Hindatu ta ce za ta kai wasiƙar neman ɗagawa gidan waya, Ya Kaka ta sa aka tuƙa tuwon gero da rana. Ta ce a shimfiɗa mata a tsakar gida, a kira Yusufu daga kasuwa, a kira ni, a bar jikoki su zauna. Ta miƙa wa Hindatu ɗankwalin ta ce ta ɗaure. Aka ajiye kwano. Hannun ya tafi a hankali, ya gutsuri tuwo, ya dangwali miya. Ya taso har ƙirji ya fara rawar da muka sani, miya ta ɗiga a zane. Ba wanda ya yi motsi. Ta sunkuyar da kai kaɗan, ta cije, hannun ya ƙarasa. Rabin lomar ya faɗi a cinya, rabi ya shiga. Ta tauna, ta haɗiye, ta sake kai hannu. Loma bakwai ta yi, na ƙirga, zanen duk ya ɓaci, kuma ko sau ɗaya ba ta dubi bango ba.

Da ta gama ta ce a kwance ta. Ta ɗauki ɗankwalin da hannun dama, da maiƙon miya da komai, ta miƙa wa jikarta.

"Ungo. Ni na gama da shi. Ki je ki koyo na gaskiya, kar a sake ba wata kinin."

Hindatu ta karɓa da hannu biyu. Wasiƙar ba ta je gidan waya ba, da ita aka kunna wutar shayin Yusufu.

Ta yi shekara uku a Lome. Ta rubuto mini cewa akwai malamin da ya yi musu darasi a kan hana hannu mai lafiya aiki don mai ciwo ya tashi, yana faɗa kamar sabon abu, ita kuwa tana zaune ɗankwalin na cikin jakarta. Ta dawo a 1998. Aka yi wata biyar ana neman inda za a ajiye ta, kamar yadda Mushe Nasiru ya faɗa, daga baya aka kwashe tarkacen wani ɗaki a bayan asibiti aka ba ta. Ta sa maƙeri ya haɗa mata sanduna biyu na koyon tafiya da tsofaffin bututun famfo, ta sami fenti ta rubuta KINE a ƙofar da hannunta, na hagu. A makon farko mutum goma sha ɗaya suka zo, takwas daga cikinsu zazzaɓi ke damunsu, kinin suka zo karɓa. Ta nuna musu ɗakin magani ba tare da ta ɗaga murya ba. Sauran ukun, da wani makiyayi daga Gamu da maɗori ya ɗaure wa gwiwa har ta sandare, da mace mai shanyewar jiki, da yarinyar da shan inna ta taɓa, su ta sa a gaba. Yusufu ne ya zama mai yi mata shela a kasuwar kanwa, yana gaya wa mutane da ƙarfi cewa ba haɗiya ake ba, yi ake, sai ka ce shi ya gano.

Ya Kaka ba ta ga ɗakin ba. Ta rasu a daminar 1997, Hindatu na shekara ta biyu a can. Da ta dawo, bayan an yi gaisuwa an watse, ta same ni a ɗakina ta zauna a bakin gado. Na san abin da take son tambaya, kuma na ga ta kasa. Sai na gaya mata. Ina nan a ranar, ni na kai mata abincin rana na ƙarshe, tuwon gero ne da miyar kuka. Loma biyu kawai ta iya, kuma da dama ta ci.